Raɗin Suna a Ƙofar Caji Ofis

Ni wanzami ne, ɗan wanzami, don haka sunan da na halarta a rayuwata ba ya ƙirguwa. Yawancinsu sun cakuɗe mini a kai, ban ma san wanne ne na wane gida ba. Amma akwai guda ɗaya da ko gigin tsufa ya kama ni ba na jin zan manta da shi, wato sunan 'yar ƙanena, wanda muka raɗa a ƙofar caji ofis ubanta yana tsare a ciki.

Abin ya faru ne a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Mutane suna cike da murna da dogon buri, amma aljihu babu komai. Kullum sai ka ji a rediyo ana cewa a ƙara haƙuri, gwamnati tana tsuke bakin aljihu. Man fetur ya tashi, kuɗin mota ya bi shi, takin zamani kuwa sai dai ka ji labarinsa. Mu mutanen Getso manoma ne, har ni da nake riƙe da aska ina da 'yar gonata. Damina ta yi nisa, dawa ta soma yin rawaya a gonaki, kowa ya zuba ido ga takin da aka yi alkawari.

Ƙanena shi kaɗai ne a gidanmu ya ƙi gadon aska. Ya yi boko, ya samu aiki da wani gidan rediyo, yana aika musu labarai daga yankin Gwarzo da Kabo. Yadda nake rataya zabirata ta kayan aski, haka shi ma yake rataye da 'yar rikodarsa, kasuwa-kasuwa, yana miƙa wa mutane a baki. Ni abin yana burge ni, in faɗi gaskiya, don in na ji muryarsa a rediyo har ƙara sauti nake yi ko maƙwabta sa ji. Wanda abin bai taɓa burgewa ba shi ne Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, wanda ya riƙe mu tun bayan rasuwar iyayenmu. Baffa mutum ne mai kafiya, mai tsoron Allah, kuma ɗan a-mutun gwamnatin lokacin. Da ƙafarsa ya bi ƙauyuka yana nema mata ƙuri'a saboda Shari'a. A wurinsa aikin jarida gulma ce da aka yi wa albashi.

Wata ranar kasuwa manoma suka haɗu, na Getso da na Unguwar Tudu, har da wasu daga Garo, suka nufi rumbun da aka ce an sauke taki. Ba su ɗauki ko sanda ba, tambaya suka je yi: ina rabonmu? Ƙanena ya bi su da rikoda. Kafin azahar motar jami'an tsaro ta iso, aka harba barkonon tsohuwa, kowa ya ranta a na kare. Manoman duk sun tsira, amma aka kama mutum biyu: ƙanena, da wani ɗan jarida baƙo da ya zo daga nesa ɗaukar hoto. Aka wuce da su caji ofis na wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba. Washegari da hantsi matar ƙanena ta haifi 'ya mace, haihuwarta ta fari. Gida ya rasa abin da zai yi, masu zuwa barka su ne masu zuwa jaje.

Rumfata tana bakin tasha, kuma duk wanda ya san rumfar wanzami ya san majalisa ce. A kwanakin nan ba a yin wata magana sai ta kamun. Jagoran masu goyon bayan ƙanena wani tela ne maƙwabcina, ɗan adawa na gidi, wanda ko ruwan sama aka yi da yawa sai ya ɗora wa gwamnati laifi. Ranar da Baffa ya zo aski suka haɗu, na kuwa san za a yi ta.

"Alhaji, ka ga aikin mutanenku ko?" in ji tela. "Yaro ya je ɗaukar labari an jefa shi a bayan kanta. Wannan ce adalcin da kuka yi mana alkawari?"

"Shi ya ja wa kansa," Baffa ya ce. "Wa ya aike shi? Mutane suna fushi, kai kuma ka je kana tura musu ƙarfe a baki su zagi shugabanni duniya ta ji. In ba haddasa fitina ba mene ne wannan?"

"To shi ya ɓoye takin?"

"Ban ce ba. Amma akwai hanyar yi wa shugaba nasiha, ba a bainar jama'a ba."

"Wace hanya? Kai da kake nasu, ka samu ko mudu ɗaya?"

Baffa ya zabura zai juya, na dafe masa kai. "Baffa, don girman Allah ka tsaya wuri ɗaya, aska ce a hannuna." Ya zauna yana huci. Ni kuwa raina a ɓace yake da su duka biyun. Tela yana jin daɗin ya samu abin dukan gwamnati, Baffa yana kare jam'iyyarsa, ɗan'uwana kuma yana kwana a kan siminti. Har yau idan na ji ana musun 'yancin 'yan jarida a rediyo, kowa yana jan abin zuwa ɓangarensa, sai na tuna cewa a bayan musun akwai wani gida da aka kasa cin tuwo.

Akwai wani ƙaramin jami'in caji ofis ɗin da yake zuwa gyaran fuska wurina. Shi ya ja ni gefe ya gaya mini cewa ana shirin tura ƙanena da baƙon birni, a tuhume su da tunzura jama'a, kuma da alama ranar da za a tafi da su ita ce ranar suna. Ya ce, "In dai suka bar nan, sai dai addu'a. Can ba wanda ya san ku." Na san mutanen da aka kai birni a kan abin da bai kai wannan ba, suka yi watanni ana ɗage shari'a. Da labarin ya bazu, samari suka fara zancen a je a ƙona taya a ƙofar ofishin, tela yana zuga su. Ga shi kuwa an riga an yi shela cewa an hana kowane irin taro. Ni na san in aka yi haka an gama da ƙanena, don an samu hujjar da ake nema.

To, a al'adarmu uba ne yake zaɓar wa ɗansa suna. Ƙanena kuwa bai gaya wa kowa abin da ya zaɓa ba, har matarsa, wai sai ya ga abin da Allah ya ba shi. Dattawan gida suka ce abu mai sauƙi, Baffa ya zaɓa, ai shi ne uba. Baffa ya ƙi. Ya ce uban yarinya yana raye, bai haukace ba, bai bar ƙasa ba, shi ba zai ci masa haƙƙi ba. Ya sa babbar rigarsa, ya ce in raka shi mu je mu tambayo shi. Ya tafi da ƙarfin gwiwarsa, yana ganin da ya faɗi ko shi wane ne za a buɗe masa ƙofa.

Aka bar mu a tsaye a rana tun hantsi har aka kira azahar. Daga ƙarshe wani mai kaki ya leƙo ya ce an hana kowa ganinsu. Baffa ya ce, "Yaro, kalma ɗaya zan tambaye shi, sunan 'yarsa." Aka ce babu hali. Ya ce, "To me ya yi?" Aka ce ya ɗauki maganar mutane. Ya ce, "Ƙarya ya ƙara a ciki?" Mai kakin ya ɗaga kafaɗa ya koma ciki. Ni da Baffa muka kama hanyar gida. Muka bi ta gefen gonarsa, ya tsaya ya daɗe yana kallon dawar, sannan muka wuce.

Ana gobe suna, bayan la'asar, ya je wurin liman, ina biye da shi. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gajiya da damina, ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya. Shin Shari'a ta keɓe wurin da ake raɗa suna?" Liman ya ce a'a, ko'ina aka yi ya yi, in dai wuri ne mai tsarki. Baffa ya ce, "To madalla. Gobe a ƙofar caji ofis za a yi." Liman ya dube shi, ya dube ni, ya shafa gemu yana murmushi, ya ce Allah ya kai mu.

Ni na zaga da goron gayyata. Saƙon Baffa kuwa a fili yake: suna za a je, ba zanga-zanga ba. Duk wanda ya san zai zo da sanda, ko hular jam'iyya, ko baƙar magana, ya yi zamansa a gida. Da na kai wa tela nasa goron ya ce, "Wai Alhaji ya dawo layinmu ke nan?" Na ce, "Bai dawo ba, kuma ya ce in ka buɗe baki a wurin, shi zai fara miƙa ka ga hukuma." Ya yi dariya har da tari, ya ce zai zo da sabuwar riga.

Da gari ya waye, bayan an idar da sallar asuba, muka ɗunguma. Jaririya da mai jego suna gida, mata suna ta hidimar girki. Rago yana bayan akori-kura, tare da tabarmi da ƙwaryar goro da dabino. Ban zaci za a taru haka ba. Ga mutanen Baffa, ga 'yan adawa, ga manoman da aka tarwatsa ranar, har Fulanin da muke yi wa ƙaho suka baro shanunsu suka zo. Muka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar da ke fuskantar ofishin, kowa ya cire takalmi ya zauna. Ba mai ɗaga murya, sai gaishe-gaishe. Masu gadi suka rikice, suka gyara riƙon bindiga, ɗaya ya ruga kiran babbansu. Na riƙa tunanin in wani yaro ya yi wauta ya jefa dutse, mu muka kawo dattawan gari wurin halaka.

Babban jami'in ya iso ko maɓallin rigarsa bai gama sawa ba. Bahaushe ne, amma ba ɗan yankinmu ba. Ya tunkaro mu fuska a murtuke. Baffa ya miƙe, ya ɗebi goro, ya tare shi da sallama.

"Yallaɓai, barka da asuba. An tashi lafiya? Ya aiki? Ya iyali? Ga goron suna."

Mutumin da faɗa ya zo, amma hannunsa ya riga bakinsa. Dattijo ya miƙo maka goro, tarbiyya ba ta barin ka ƙi. Ya karɓa da hannu biyu yana cewa, "Baba, ba ku ji an hana taro ba?"

"Mun ji, Yallaɓai, kuma mu masu biyayya ne. An hana suna ma?"

Liman daga zaune ya ce, "Ranka ya daɗe, ai tunda ka karɓi goro ka zama ɗan gayya. Bismillah, ga wuri." Wasu suka ƙunshe dariya. Jami'in ya dubi goron da ke hannunsa kamar bai san lokacin da ya shigo ba. Baffa ya yi masa bayani a tsanake: an yi haihuwa, yau suna, uban yana ciki, kuma shi kaɗai ya san sunan. Ya ce a fito da shi ya faɗa, a shafa fatiha, a yanka rago. Jami'in ya waiga ya dubi jama'a. Babu allo, babu ihu, sai tsofaffi a kan tabarma da rago yana cin ganye. Me zai rubuta wa na sama da shi, cewa ya harba barkonon tsohuwa a wurin suna? Ya yi wa wani alama da kai.

Da aka fito da ƙanena sai da hawaye suka cika mini ido. Ya rame, suma ta taru, ido ya faɗa, rigar da ya fita da ita ce a jikinsa. Ya tsaya yana ƙifta ido, bai gane me ake ciki ba, don ko labarin haihuwar bai samu ba. Ni na gaya masa. Na ce, "Angon ƙarni, an samu mace, lafiya lau ita da uwarta." Ya durƙushe a wurin ya rufe fuska. Da ya natsu ya matsa kusa da liman ya raɗa masa suna a kunne, sunan mahaifiyarmu ne. Liman ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Na saci kallon babban jami'in, shi ma hannunsa a sama yake. Sanƙira ya shelanta suna, aka yanka rago, wuri ya ɗauki "Allah ya raya."

Sai jami'in ya ce to an gama, a mayar da shi. Baffa bai tashi daga tabarma ba.

"Yallaɓai, ka ba ni minti ɗaya. Kowa a nan ya san ni. Gwamnatin nan da guminmu aka kafa ta, kuma gobe ma ita zan zaɓa. Yaron nan kuwa ban taɓa son aikinsa ba, ga shi nan ka tambaye shi, har yanzu ba na so. Amma na yi kwanaki ina tambaya ko ƙarya ya yi, ba wanda ya ce mini e. Taki dai ba a ba mu ba, ni ma ban samu ba. Mu da muka yi ta kiran a yi Shari'a, Shari'ar da na sani mai ɓoye shaida take zargi, ba mai bayar da ita ba. In ya yi wa wani ƙazafi, a kai shi gaban alƙali a nan, ni zan riƙe hannunsa in kai shi. In kuwa abin da ya gani ya faɗa, to ka ba ni ɗana. Ni zan tsaya masa."

Tela, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya sunkuyar da kai. Jami'in ya ce shi ma umarni yake bi, sai ya yi magana da na gaba, ya shige ciki. Zaman jiran nan ya fi komai tsawo. Don in samu abin yi da hannuna, na zaunar da ƙanena na jiƙa masa kai na fara aski. Motar da aka ce za ta kai su birni tana gefe, direban yana goge gilashi.

Rana ta ɗaga sosai kafin ya fito. Ya ce an yarda a ba da shi beli a hannun Baffa, ya riƙa zuwa duk lokacin da aka neme shi. Rikoda za a mayar, kaset kuwa ya zama na hukuma. Jama'a suka ɗauki hamdala, har an fara naɗe tabarmi. Sai ƙanena ya ce, "Baffa, akwai ɗan'uwana a ciki. Tare aka kama mu." Wallahi mu duka mun manta da baƙon nan. Jami'in ya ce wannan ba ɗan nan ba ne, ba shi da kowa, dole a wuce da shi.

Baffa ya ce a fito da shi ya gan shi. Aka fito da wani siririn saurayi, Hausarsa ma ba ta nuna ba, kuma daga ji ba addininmu ɗaya ba. Yana ta rarraba ido, bai san ko mutum ɗaya a cikinmu ba.

"Shi me ya yi?" Baffa ya tambaya.

"Hoto ya ɗauka."

"Na abin da ya faru, ko na abin da bai faru ba?"

Jami'in ya yi ajiyar zuciya. "Baba, ka san shi ne?"

"Ban san shi ba. Amma in na ɗauki nawa na bar wannan, ashe ba gaskiya na zo nema ba, ɗana na zo nema. Ku shimfiɗa tabarmar nan, ba mu gama ba." Ya koma ya zauna. Liman ya zauna, tela ya zauna, waɗanda suka riga suka sa takalmi suka cire. Jami'in ya daɗe yana kallonmu, sannan ya girgiza kai ya yi wata 'yar dariya, ya ce a kawo wa Baba abin dangwala yatsa, sau biyu.

Da su biyun muka koma gida. Mata suka tare mu da guɗa, ƙanena ya ɗauki 'yarsa a karon farko, baƙon kuwa ya ci tuwon suna har ya nemi ƙari. Maganar tuhuma daga baya ta bi ruwa, ba a sake nemansu ba. Kada wani ya zaci Baffa ya sauya ra'ayi. Har Allah ya karɓi ransa yana yi wa ƙanena faɗa a kan rahotanninsa, yana cewa ya cika tsawwalawa, kuma shi da tela ba su taɓa zaɓar mutum ɗaya ba.

Abin da na koya a ran nan shi ne, kare bakin wanda yake faɗin abin da kake so ba wani abin yabo ba ne, kowa yana iyawa. Ana gane mai son gaskiya ne ranar da aka kama wanda maganarsa take ɓata masa rai, ko wanda bai haɗa komai da shi ba. Na ga dattijon da bai yarda da aikin jarida ba ya zauna a ƙasa saboda ɗan jaridar da ko sunansa bai sani ba. Tun daga lokacin, duk sa'ad da na ji an kama wani saboda ya faɗi abin da ya gani, ba na fara tambayar ɗan wane ɓangare ne. Tambayata ɗaya ce: wa zai je ya zauna masa?